Abokin Da Na Zaunar A Benci Ya Aiko Min Da Safar Gola

Salamu alaikum 'yan gida. Admin a ɓoye sunana, duk da na san mutanen yankinmu za su gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Ni tsohon gola ne. Na kama a Kano, na kama a kudu, har Nijar na je na ci sefa, sai da kafaɗa ta ce ta gaji na tattaro na dawo Kazaure, da yatsu biyu da suka karye suka daina lanƙwasuwa. Wani Alhaji mai kulob ɗin matasa ya ce in zo in zama kocinsu. Wallahi lokacin da na karɓe su ɗura musu ƙwallaye ake yi kamar ana zuba gero a buhu, yau ga mu a wasan kusa da na ƙarshe na gasar yankinmu.

Ni ban iya kallon wasa daga benci ba. Duk rayuwata daga baya nake ganin fili, daga nan nake gane wanda ya bar wurinsa, shi ya sa a wasannin yankinmu alƙalai ke ƙyale ni in tsaya bayan raga. To sai na nemo wanda zai zauna min a benci, wani abokina ɗan Babura da muka buga tare, lamba tara ne. A kan babur na same shi yana haya zuwa bodar Nijar, ni na roƙi Alhaji ya ɗauke shi mataimaki. Aikinsa kawai in na ɗaga hannu ya yi canji.

Ranar wasanmu a Roni Alhaji ya zo da wani babban baƙo da ke son ɗaukar nauyin kulob. Suka nufi benci, baƙo ya miƙa wa abokin nawa hannu yana koci sannu da ƙoƙari, shi kuwa ya amsa har da gyara hula. Da baƙon ya tambayi waye wancan mai ihu a bayan raga cikin masu rake, yaran benci sun rantse min abokin nawa dariya ya yi, ya ce ai mai kula musu da gololi ne. Ni fa!

Muka ci wasa. Washegari Alhaji ya kira ni, wai baƙo ya yaba da natsuwar koci, kuma dama gola ba ya koci, in yi haƙuri in riƙe gololi. Na ce ranka ya daɗe waye ya haɗa yaran nan, ya ce kada in ɗauki abin da zafi. Na samu abokin nawa, wai shi bai nema ba, rabo ne, kuma in duba yana da iyali. Ni itace na aura?

Jiya sai ga saƙonsa a leda, sabuwar safar gola. Ya fi kowa sanin safa ta daina shiga hannuna, don shi ya danne ni ranar da maɗori ya ja yatsun nan. Wallahi na tsane shi, ban taɓa tsanar mutum haka ba.

Yanzu kyaftin ya zo min da yara, sun ce in na ce uffan ba mai shiga mota zuwa Gwiwa ranar Asabar, inda za a buga wasan kusa da na ƙarshen. In ba su je ba an cire mu, kuma masu neman 'yan wasa za su zo daga Kano, wasu cikinsu damarsu ke nan, na san yadda take wucewa ba ta dawowa. In sun je kuma suka ci, sunansa za a kira.

Jama'a ya zan yi? In bar su su zauna saboda ni, ko in bi su Gwiwa in tsaya bayan raga, ina ɗaga masa hannu yana canji, ana ce masa koci?