Ya sace min gyara, yanzu kuskuren na cikin aikinsa

Salama alaikum 'yan guruf, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, domin zuciyata tafasa take yi.

Ni ɗan Gumel ne, ina cikin wasu matasa da muke fassara littafin bayanin wani yaren kwamfuta zuwa Hausa, kyauta, don masu koyon kodin, wato rubuta manhaja. Shugabanmu abokina ne tun sakandare, bari in kira shi Nura. Ina fassara babin da ke koya yadda ake mayar da rubutu ya zama lamba, sai na ga asalin littafin ya yi misali da lambar waya, wai in ka mayar ba abin da zai ɓace. Na gwada da tawa, sai sifilin farko ya faɗi, kun san duk lambobinmu da sifili suke farawa. Na rubuta gyara mai kyau na tura masa, ya tashi a guruf ɗinmu na fassara gaban kowa yana dariya, wai ni da ko digiri ban ƙarasa ba zan gyara wa masu yare yarensu. Na haɗiye. Ashe bawan Allahn nan kwafe gyarana ya yi, ko waƙafi bai canza ba, ya aika wa masu littafin da sunansa. Suka karɓa, suka sa sunansa cikin waɗanda ake gode wa, shi kenan ya zama gwani a gari. Da na tare shi sai ya ce ai aikin ƙungiya ne, in daina ƙaramin tunani.

To ga inda Allah ya kawo shi. Dillalan shanu na Maigatari sun ba shi aikin manhajar da za ta riƙa tura musu saƙo, ranar Alhamis zai nuna ta gaban manyan kasuwa. Na leƙa aikin a shafin da muke ajiye ayyukanmu, kai! Tsohon misalin nan ya kwafa, gyaran da ya sata ko karanta shi bai yi ba. Da lambobin abokansa na Damagaram ya gwada, su kuwa nasu ba sa farawa da sifili, shi ya sa ya ga komai lafiya. Ranar nan 'yan Nijar za su sami saƙo, namu ko mutum ɗaya wayarsa ba za ta yi ƙara ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi na ji. So nake in sa sabuwar shaddata in zauna a layin gaba in ga zufa na karyo masa, in ya gama kame-kame in tura hotunan hirarmu a guruf ɗin fassara.

Matsalar ita ce kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, shi ne shugaban dillalan. Ni na kai masa Nura tun muna shiri, shi kuma ya tsaya masa gaban dattawan da suka ce ba su yarda da aikin yara ba. Jiya ya kira ni ya ce, "Ɗana, ni ban san abin nan ba, idonka ne nawa. Ka duba aikin abokinka, ba zan ji kunya ba ko?" Na ce masa zan duba.

Gobe Laraba zai sake kira. In na faɗa, na sake wanke ɓarawo da hannuna, ya kuma kwashe yabo. In na yi shiru, Nura ya sha kunyar da nake masa fata, amma tare da Kawu za su sha. Jama'a, me zan ce wa tsohon nan?