Taku Bakwai Daga Rijiyar Baba

Talata Mafara,
8 ga Satumba.

Zuwa ga Yayata Taibatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga yayarsa. Ina gajiya, ina ruwa? Yaya maigidanki Malam Hamidu da mutanen Maradun? Tunda an ɗauke sabis, na ba Malami direba wannan takarda.

Albishirinki: na gama bayin da na yi wa su Baba a gidanmu na Bakura. Inna ta huta da tsohuwar salgar nan. 'Yarki Hanifa kuwa ta mai da jan ruwan bayin abin wasa, sai an kore ta.

Amma kin san Baba. Na riga na dasa mazaunin, ya leƙo ya ga mai zama zai fuskanci alƙibla, ya sa na tumɓuke na juya shi kudu. Da na juya, sai ya zama dole bututun ya ratsa ƙarƙashin ɗakin littattafansa kafin ya kai sokawe, ramin tara ƙazanta da na auna a bayan gida. Nan ma ya ce ƙazanta ba za ta bi ƙarƙashin littattafai ba. A gaban ɗalibansa ya ɗauki sandarsa ya zana mini wani wurin a gefen tsakar gida, na haƙa. Shekarata tara ina aikin famfo, ban taɓa samun injiniya mai tsanani irinsa ba.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Zaharaddini.

Talata Mafara,
6 ga Oktoba.

Yaya Taibatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam Hamidu. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Hanifa tana asibiti a nan Mafara, yau kwana uku. Tana da rai, wallahi tana da rai, an sa mata ruwa leda huɗu, jiya har ta sha kunu. Amai da gudawa ne. Inna ma ta kwanta, da yara biyar na maƙwabta masu ɗibar ruwa a gidanmu. Da na ga Hanifa a kan gado, idanunta sun faɗa, ban gane ta ba sai da ta kira ni Kawu.

Likita ya tambaye ni ruwan da suke sha. Nan take na hau babur na nufi Bakura. Na sayi bular wanki ƙulli goma, na dama a bokiti, na juye a bayin. Washegari da hantsi na zura guga a rijiyar gidanmu da hannuna. Yaya, shuɗi ya fito! Na sake zurawa, shuɗi. Na zauna a ƙasa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wata guda cur suna shan wannan, suna girki da shi, mutanen masallaci suna alwala da shi.

Baba yana tsaye a kaina. Ya leƙa cikin gugan. Sai ya fita ya bi gida-gida da kansa, tsoho da sanda, yana hana mutane ɗiba, yana neman gafararsu, yana cewa shi ya zana wurin ramin. Tun ranar yake rama sallolinsa na wata guda, ko abincin kirki ba ya ci. Jibi za mu cike rijiyar da ƙasa.

Ga abin da ya sa na rubuto ban jira zuwanki ba, don ba zan iya faɗinsa ina kallon idonki ba. Kowa a Bakura yana cewa Malam bai sani ba, yaron kuma umarni ya bi. Gaskiya ne Baba bai sani ba. Ni na sani. Ranar farko da na fara koyon aiki aka gaya mini a bar aƙalla taku talatin tsakanin sokawe da rijiya, balle ƙasarmu mai yashi, ga damina. Da ya zana wurin na auna da ƙafata, taku bakwai daga rijiya. Na buɗe baki, na ga ɗalibansa sun zuba mana ido, na ji kunyar in gyara wa mahaifina magana a gabansu. Na ce a raina zan yaɓe ramin da siminti sosai, Allah zai kiyaye. Na ɗauki diga.

Ki biyo Malami gobe, Hanifa tana ta kiran sunanki. In kin zo kada ki ɗaga wa Baba murya. Ni za ki nema, ina bakin ƙofar ɗakin da take kwance. Har yanzu ban gaya wa Baba ba, ke na fara gaya wa.

Allah ya ba ta lafiya, ya kawo ki lafiya.

Ƙaninki,
Zaharaddini.