Man da Ba Ya Daskarewa

Arlit

Zuwa ga ɗiyata Lauratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya sanyin Faransa? Mu nan lafiya lau.

Innarki ta ce min karatun mai kike yi, ni kuwa na baza labarin har garin Assamakka na bakin iyaka. Duk direban da na tarar a tasha sai na faɗa masa ɗiyata injiniyar fetur ce. Abokina Rhissa ma ya fara nemo miki aiki a matatar mai.

Sai kuma na ji wai kina son ƙarin shekaru can. Ban yarda ba. Kewarki ta ishe ni, kuma ina tsoron ƙasar sanyi ta daskarar miki da zuciya, ki manta da mu.

Allah ya tsare.
Mahaifinki, Kalilu direba

Brest

Ranka ya daɗe Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, a gaishe min da Inna. Na yi dariya har da hawaye! Baba, ba man mota ba ne.

Akwai ƙwayoyin halitta a ƙarƙashin teku, ido ba ya ganinsu, ruwan da suke ciki sanyi kamar ƙanƙara. Fatarsu da mai aka yi ta. In man ya daskare, abinci ba ya shiga, sai mutuwa. To da sanyi ya tsananta, sai su sauya man jikinsu zuwa irin mai ruwa-ruwa. Ka san yadda man shanun Inna yake sandarewa lokacin ɗari, man gyaɗa kuwa yana nan yana zuba? Haka suke yi.

Yadda suke wannan dabara nake son ganewa. Amma in ba ka sa albarka ba, zan haɗa kayana in dawo. Ni ma ina kewarku sosai.

Ɗiyarka mai biyayya,
Lauratu

Arlit

Lauratu,

Salam. Kin ja min! Na je tasha gyara magana, na ce ƙwayoyi kike karanta, Rhissa ya riƙe baki ya ce Allah ya shirye ki.

Na zuba man biyu a kofuna, na sa a firigon Mano mai shago don su yi sanyi. Na gani da idona, gaskiyarki.

Ki zauna ki ƙare, Allah ya yi miki albarka. Ousmane maƙwabcinmu zai taho Faransa, zai kawo miki saƙo. Innarki ta so sa man shanu, na hana. Man gyaɗa ne.

Babanki