Ƙwaya Ɗaya Daga Carbin Tokuji

Talata, 26 ga Nuwamba, 1946

Ƙararrawar haikalinmu ta dawo. Ashe sojojin da suka tafi da ita ba su narkar da ita ba. Duk shekarun nan tana yashe a filin wata masana'anta ruwa na dukanta, sun hudhuda mata kafaɗa don su ga ko ƙarfenta zai yi harsashi. Bai ma yi ba. Wato a banza aka kashe mini miji.

Gari ya fito, ana kuka ana shafa ta. Ni ban taɓa ta ba. In na kalle ta mijina Tokuji nake gani ranar da aka zo ɗaukarta, ya rungume ta yana roƙo, wai tun yana saurayi yake buga ta, a bar masa. Kanroku ɗan dagaci, cikin sabon kakinsa na soja, ya sa gindin bindiga ya farfasa masa yatsu, da ya faɗi ya bi shi da takalmi a haƙarƙari. Aman jini ya yi ta yi har ya cika, ƙanƙara ba ta ma narke ba.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Kanroku ma ya dawo daga yaƙin, da hannu ɗaya. Otane maƙwabciyata ce ta kawo mini labari, har da ƙwalla. “Ke Mitsu, in kin gan shi sai kin tausaya masa.” Na ce mata saura ɗayan. Ta fita ba sallama.

Lahadi, 8 ga Disamba

Osho, malamin haikali, ya aiko kirana. Ya tsufa ƙwarai. Wai bana za a buga ƙararrawar ƙarshen shekara, kuma ni zan riƙe igiyar gungumen bugu in yi ƙirga da carbi, tunda ni ce nake zama gefen Tokuji ina ja masa ƙwayoyin.

Ya sake mini karatun da na haddace tun ina yarinya. Dauɗar zuciya ɗari da takwas ce, shi ya sa ƙwayar carbi ɗari da takwas, bugu ɗari da takwas, kowane bugu ya tafi da guda. Na ƙarshen a sabuwar shekara yake sauka, mutum ya shiga a wanke.

Na ce, “Osho, ƙiyayya ta nawa ce a lissafin?”

“Me za ki yi da lambarta, 'yata?”

“In toshe kunne in an zo kanta.”

Ya yi dariya. Ni ba wasa nake ba.

Asabar, 14 ga Disamba

Na ga Kanroku a bakin rijiya yana kokawa da guga. Ya rame, hannun rigarsa na hagu a wofi, an ɗaure bakinsa da zare. Da ya gan ni ya sunkuya har ƙasa ya ce, “Yaya Mitsu.” Yaya! Itacen girki ne a bayana. Ban san lokacin da na zaro guda na sauke masa a goshi ba. Fata ta tsage, jini ya rufe masa ido yana ɗiga cikin gugan. Na ƙara masa a kafaɗar dungun, nan ne ya yi ƙara. Bai kare ba, bai gudu ba, wannan ne ya ƙara tunzura ni. Mata uku ne suka ɓanɓare ni, ina cewa su sake ni in farfasa masa yatsun da suka rage.

Na dawo gida na ci abinci sosai. Rabona da ci haka tun mutuwar.

Alhamis, 19 ga Disamba

Na tsinke carbin Tokuji na cire ƙwaya ɗaya na sake ɗaure shi. Yanzu ɗari da bakwai ne, wa zai ƙirga? Kowa ni yake jira in ce an gama. Ƙararrawa ta kwashe kwaɗayina da hassadata da duk tarkacen, ta bar mini guda. Da ita zan shiga sabuwar shekara, ina da aikin da zan yi da ita.

Ƙwayar tana cikin tulun gishiri.

Juma'a, 27 ga Disamba

Na wasa lauje. Hanyar saukowa daga haikali akwai kwana wajen itatuwan gora, kuma Kanroku kullum a ƙarshe yake tafiya, ba mai jerawa da shi.

Litinin, 30 ga Disamba

Ana ta dakan moci, tuwon sabuwar shekara, gari duk ƙarar turmi. Na haura duba igiya, na tarar an riga an rataye gungumen. Osho ya ce Kanroku ne, da hannu ɗaya da haƙora, tun asuba. Ƙullin irin na Tokuji ne, a wurinsa ya koya yana yaro. Na tofa yawu na sauko.

Laraba, 1 ga Janairu, 1947

Da hagu nake rubutu, shi ya sa ya karkace.

Jiya kowa ya hau layi, mai zuwa ya kama igiya tare da ni, mu ja gungume baya mu saki, in ja ƙwaya. Muryar ƙararrawar ta canja saboda hujin, tana da wata kyarma kamar ta mai mura. Tsofaffi suna kuka. Laujen yana ɗaure a cikin ɗamarata, sanyinsa na taɓa mini ciki. Kanroku bai shiga layi ba, yana tsaye can bayan wutar da aka hura, goshinsa naɗe da tsumma.

Da na zo kan ƙwayar ƙarshe ta carbin na ce saura ɗaya. Osho ya duba agogonsa, muka jira shekara ta juya, ya buga da kansa. Aka yi barka da sabuwar shekara, aka fara sauka cin taliya. Na tsaya naɗe igiya, ina jiran Kanroku ya kama hanya.

Sai ga shi a gabana. “Yaya Mitsu, saura ɗaya.”

“Uban wa ya sa ka ƙirga?”

“Ba wanda ya sa ni. Ɗari da bakwai aka buga. Tun da na dawo wannan daren nake jira, ta yaya zan ɓata lissafi?” Ya kalli ɗamarata, ya san abin da ke ciki. “Ba sai kin wahala zuwa wajen gora ba, akwai santsi.”

Ya taka ya durƙusa, ya jingina kansa daidai inda gungumen ke sauka, wurin da ƙarfen ya yi sheƙi. Ya ce, “Wannan naki ne. Ki buga.”

Na ja. Na rantse na ja da niyya, da dukkan ƙarfina, har gungumen ya kai inda ko Tokuji bai taɓa kai shi ba. Na hango yadda kan zai fashe, na ji daɗin hangen. Na tsaya a haka igiya na yanka mini tafi, ina zaginsa, ina zagin uwarsa da ubansa, ina faɗa masa yadda mijina yake kiran sunana jini na fita ta hancinsa. Bai motsa ba. “Na sani, Yaya,” kawai yake cewa.

Igiyar ta kuɓuce, ko na sake ta, ban sani ba. Abin da na sani, na gan ni na cafko hannun rigar nan na wofi na fizge shi. Gungumen ya tafi da rabin kunnensa, ya bi ta kan hannuna na dama, na ji ƙashi ya ce ƙas. Sannan ta yi ƙara a kan kawunanmu, ƙarar da ban taɓa jin irinta ba, muna zube a ƙanƙara jininsa na zuba mini a wuya.

Osho ya dawo da fitila. Ya dube mu, ya dubi ƙararrawa, ya ce, “To, yanzu ta cika.” Ashe tsohon ma yana ƙirgawa.

Alhamis, 2 ga Janairu

An ɗaure hannun da tsinken gora. Otane ta tsinci lauje a ƙanƙara ta kawo, ta rataye shi a rumfa. Na yi kuka yau, irin wanda ban yi ranar binne Tokuji ba.

Lahadi, 5 ga Janairu

Ban yafe ba. In rubuta wannan tukuna.

Na fito da ƙwayar daga tulu, gishiri ya fara cin ta, kuma carbin na Tokuji ne, bai kamata ya zauna a gurgunce ba. Iyakar dalilin ke nan. Sai dai zare ba ya shiga ƙwaya da hannu ɗaya, na gwada har na gaji. Wani ne ya kawo itace ya tarar da ni a bakin ƙofa, ya durƙusa ya riƙe mini bakin zaren. Ba sai na rubuta sunansa ba.