Gayaunar Inna

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025
Ofis sun turo ni daga Dutse in ɗebi samfurin ƙasa a gonakin da suka yi kanwa a gefen Aujara. Gona ta huɗu a jerin da aka ba ni, tamu ce. Ban faɗa wa kowa ba. Shekara biyu rabona da ita, tun ranar sadakar ukun Inna.

Gonar ta yi fari fat. In ka taka sai ka ji ƙuras-ƙuras kamar ƙanzo. Tun da ambaliya ta kwanta a kanta ta janye, ko ciyawa ba ta fitowa.

Talata, 8 ga Afrilu
Yaya Lado ya ce ya gaji. Damina uku yana zuba iri, gero ya tsiro ya ƙone. Masu tifa suna neman wurin ɗibar ƙasar ciko, zai ba su. "Safina, ke da kike da ilimin abin, ki gaya mini gaskiya, ba ta mutu ba?" Na ce ya bari sakamako ya fito. Ya ba ni zuwa faɗuwar ruwa.

Laraba, 9 ga Afrilu
Kusurwar gabas, gayaunar Inna, ɗan yankin da take nomawa na kanta. Da na murɗa ƙarfen haƙa ya shige salin-alin. Ƙasar da ta fito baƙa ce, mai laushi, da sanyi a hannu. Warinta na turken awakinmu ne bayan an share. Sai da na zauna.

A cikin samfurin na tsinci maɓalli shuɗi. Na rigar makarantata ta sakandare ne, na san shi. Da sharar tsakar gida ya zo nan.

Shekara nawa ta yi tana wannan? Kullum da hantsi, kwando a ka: kashin awaki, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, sharar gida. Ni kuwa kunya nake ji in ƙawayena suka gan ta. Da na dawo hutu daga kwaleji na ce mata, "Inna, wannan wahalar banza ce, takin zamani buhu ɗaya ya fi kwandonki ɗari." Ta gyara gammo ta fita.

Ban taɓa janye maganar ba.

Asabar, 12 ga Afrilu
Da rana tsaka ina ɗaure ledoji na ɗaga kai, sai na ga mace da kwando tana tsallaka farin wurin. Tafiyar Inna ce, har ɗan ɗingishin. Na runtse ido na buɗe, babu kowa. Zafi ne. Na yi a'uziyya na sha ruwa.

Alhamis, 17 ga Afrilu
Ɗakin gwaji. Na maimaita sau uku don ban yarda ba. Gishirin gayauna bai kai rabin na sauran gonar ba. Kabon kuwa, wato ruɓaɓɓen taki da ganyen da ƙasa ke ajiyewa a cikinta, ya ninka sau huɗu. Shi ya sa ƙasar ta buɗe, ruwa yana ratsawa ya wanke gishirin ƙasa. Misbahu, abokin aikina, ya leƙo ya ce, "Wane aikin gwaji aka yi a nan? Wace ƙungiya?" Na ce wata mata ce.

A fom ɗin akwai gurbin sunan wanda ya inganta ƙasar. Na daɗe da biro a hannu. Na rubuta Huseina. Ban taɓa rubuta sunan Inna ba sai yau.

Juma'a, 25 ga Afrilu
Ba na iya cin abinci sosai. Ko'ina warin turke nake ji, har a cikin adaidaita.

Asabar, 3 ga Mayu
Na nuna wa Yaya takardar sakamakon. Bai duba ba. "Shekara nawa kafin ta dawo?" Na ce wataƙila biyar, wataƙila goma. Ya yi dariyar da ba ta daɗi ba. "Inna ta yi talatin, ga abin da ta samu, wurin da bai fi shimfiɗar tabarma ashirin ba." Gaskiya ya faɗa.

Na ce to ya ba ni rabin kadada daga bakin gayauna, ya yi yadda yake so da saura. Can ya ce, "Ni ma ina ganinta, kin sani. Shi ya sa ba na son zuwa."

Ya ba ni aron amalanken shanunsa.

Lahadi, 18 ga Mayu
Buntun shinkafa daga injin Jahun, kashin shanu daga rugar Baba Jaji. Tsohon ya ce, "'Yata, ke ce ta Huseina? Kafaɗunku ɗaya." Mun haƙa lambatu biyu don ruwa ya samu mafita. Tafin hannuna duk ya yi bororo, ya fashe.

Masu tifa sun zo sun tsaya a bakin hanya. Yaya ya je ya same su. Ban ji me ya ce ba, sun juya.

Asabar, 21 ga Yuni
Ruwan shuka. Mun saka dawa.

Lahadi, 6 ga Yuli
Layi tara sun ƙone kamar kullum. Biyu na kusa da gayauna suna tsaye, rawaya-rawaya, amma suna tsaye. Ba wani abin faɗa ba ne. Na ƙirga su sau biyu.

Yau na ci tuwo har na nemi ƙari, matar Yaya tana kallona.

Ya kamata in koma Dutse da la'asar. Na buga wa shugabanmu na ce ruwa ya ɓata hanya, sai Laraba. Hanyar ba ta ɓaci sosai ba. Akwai ciyawa da ta fara fitowa a bakin lambatu, ina so in ga ko wace iri ce.