Mannir Ya Taƙaita Lissafina

Yaya Azumi,

Ina gaisuwa. Yaya Inna da mutanen Gumel? Nan Kigali lafiya lau, sai kewar gida.

Na ji Mannir, da ya gaje ni a ofishinmu na Maigatari, ya goge dogon umarnin da na rubuta wa kwamfuta mai zaƙulo shanun da aka yi wa allura kowane wata. Ni wata-wata na bi, kowane da adadin kwanakinsa, har Fabrairu na ware. Shi kuwa ya ce daga ɗaya ga wata zuwa kafin ɗaya ga na gaba, shi ke nan. Wai har shugaba na yabonsa! Wa ya koya masa aikin?

Ba haushi nake ji ba. Na gwada nasa, ya yi daidai. Kada ki faɗa masa.

Ƙaninki,
Zaharaddini