Kada Ki Dafa Furen Da Na Aiko

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da ɗan baƙon da kike ɗauke da shi. Allah ya raba lafiya, ya sauke ki cikin sauƙi. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna tana taɓa ta in an yi sanyi, amma bakin garau yake, shekaranjiya ma sai da ta wanke mai gyaran famfo tas. Auta ta gama jarrabawa, tana ta barci kamar biyanta ake yi. Yaya, ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, wallahi sauri nake. Gwangwanin busasshen furen yasmin da na aiko miki ranar Litinin, don Allah kada ki dafa shi, kada ki sha ko kurɓi ɗaya.

Tun jiya nake kiran wayarki, ya fi sau talatin, ba ta shiga. Ta maigidan ma haka. Na san wajen aikin nasa da kuke zaune sai an hau tudu ake samun waya, shi ya sa na koma takarda. Direban da ya kai miki saƙon shi zan ba wa, ya kuma rantse mini hannunki zai danƙa.

Ga yadda abin ya faru. Da kika rubuto cewa barci ya ƙaurace miki, warin girki yana tayar miki da zuciya, kina marmarin yasmin ɗin tsakar gidanmu, na ji daɗi ƙwarai da kika tambaye ni abin da zan iya. Na bi ƙa'idar Inna tiryan-tiryan: a tsinka da sassafe kafin rana ta taɓa shi, a shanya a inuwa kan farin ƙyalle, don rana tana kwashe ƙanshin. Har na lissafa miki yadda za ki raba: kaɗan a ƙulla a cusa cikin matashi don barci, kaɗan a jiƙa a mai don shafa, kaɗan a akwatin kayan jariri, sauran kuma fure biyar a ruwan zafi a rufe kofin, yadda Inna take yi mana in hankali ya tashi. To amma bana shukar ta yi fushi da ni, don ni na yi mata aski ba a kan lokaci ba. Kwana goma ina tsinka, da ƙyar na kai rabin gwangwani.

Kin san dokar gidanmu, ba a aika wa mutum mazubi rabi. Inna cewa take gara ka hana gaba ɗaya da ka nuna wa ɗan'uwa gindin gwangwani. Ni kuma na ce shekara tara kina jiran cikin nan, sannan in aiko miki da abin kunya? Akwai wata shuka a bayan shagon tela na layinmu, ta leƙo ta kan katanga, in magariba ta yi ƙanshinta har bakin titi. Matar telan ta ce ai yasmin ne, in tsinka iya son raina. Na tsinka, na shanya, na gauraya, gwangwani ya cika har sai da na danna murfin da gwiwa. Inna ta shinshina ta ce ƙanshin ya yi ƙarfi, na ce mata hancinta ne. Kin ji wautata, garin neman gira na tashi rasa ido.

Daga ɗan guntun da ya rage na dafa wa mijina malam jiya da safe, saboda kansa yana ciwo, ya sha duban takardun ɗalibai. Kafin azahar abokan aikinsa suka kira ni wai yana asibiti, amai, jiri, zuciya tana bugawa kamar za ta fito. Nas ta tambaye ni abin da ya ci, na koma gida da gudu na kwaso sauran furen. Tsohon da ke kula da shuke-shuken asibitin ne ya zuba a tafin hannunsa ya ware su gida biyu. Ya ce wannan mai buɗaɗɗen baki shi ne yasmin, wannan dogon siriri kamar bututu kuwa ƙanshi kawai suka haɗa, shi ko akuya ba ya bari ta matsa kusa da shi. Nan take na fito da waya na hau kiranki.

Malam ya warware bayan an ƙara masa ruwa. Har ya samu bakin tsokana, wai in gado nake nema in kwantar da hankalina, jan biro uku gare shi da keke. Ban iya dariya ba. Ƙato kamarsa kofi ɗaya ya kayar, ina ga ke mai ciki wata bakwai? Yau sau biyu ina ƙona girki. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe ban san abin da na tashi ɗauka ba. Ina jin tsoro, Yaya, tsoron da ban taɓa ji ba.

Kada ki ce za ki tsince mai kyau daga ciki, ya riga ya murmushe ya cakuɗe. Ki haƙa rami ki binne duka inda kaji ba za su tona ba, har da na cikin matashi. Nas ɗin ta ce ko yasmin na gaskiya ne, mai ciki ta fara tambayar masu awo kafin ta sha. In kuwa kin riga kin sha, ko ba ki ji komai ba, ki ɗauki gwangwanin ki tafi asibiti yau, ba gobe ba.

Inna ba ta sani ba tukuna, tana dai bina da ido. Ina dawowa daga tasha zan durƙusa in faɗa mata da bakina. Ki gaishe da maigidan, da surukarki, da Gwaggo in ta zo zaman jiran haihuwar. Kawu Dogo da Auta suna gaishe ki, malam ma daga kwance.

Abu ɗaya nake roƙo. Na san halinki, tun muna yara in na fasa abu sai ki ce ke ce. Wannan karon kada ki rufa mini asiri. In likita ya tambaya, ko maigidan, ki ce ƙanwarki ce ta yi. Su zage ni yadda suke so, ni dai ki hau tudun nan ki kira ni in ji muryarki.

Wassalam,
Ƙanwarki mai taurin kai